Takardar washi ta Japan: a kanta ake zanen, ko ita kanta ce zanen?

Rabi Mai Zayyana ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata zayyana ce da rubutun ado na Larabci, da alƙalamin kara da tawadar da nake haɗawa da kaina ta gawayi da ƙaro. Kwanakin baya na ga hoton wani bango a Japan da aka haska ta baya, yana da launin ruwan zuma, ga wasu zaruruwa suna kewaye a cikinsa. Aka ce takarda ce, aikin wata mata mai suna Horiki Eriko. Tun daga ranar nake ta bincike a kan takardar da suke kira washi.

Na sayi falle kaɗan wajen wani mai sayar da kayan zane ta intanet, ya ce min washi ce ta asali. Da na ɗora alƙalami sai tawadar ta bazu, harafin ya yi gashi ta ko'ina, bakin alƙalamin kuma yana tsinko zare. Tambayata uku ce. Yaya ake yin takardar nan har ta yi ƙarfin da za ta zama bango? Masu fasaha na yanzu a can me suke yi da ita, zane kawai suke ɗorawa a kai ko da wani abu? Sannan wadda na saya jabu ce, ko haka halinta yake?

Malam Sabo Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Karatu ya zaunar da ni a lardin Fukui, kuma ƙauyukan masu takarda na Echizen ba su da nisa da inda nake, don haka na yi ta zuwa ina kallo. Bari in fara da yadda ake yin ta, domin sauran amsoshin duk daga nan suke fitowa.

Takardar da muke rubutu a kai kullum itace ne aka niƙe gaba ɗayansa, zarensa gajere ne, milimita 1 zuwa 3. Washi kuwa daga ɓawon ciki kaɗai ake yin ta, galibi na ɗaya daga cikin tsirrai uku: kozo, mitsumata, ko gampi. Kozo shi ne jarumin, silin zarensa kan kai kusan santimita 1, shi ya sa yake sarƙewa da juna ya ƙi yagewa. Mitsumata ya fi laushi, da shi ake haɗa takardar kuɗin Japan. Gampi kuma santsi da sheƙi gare shi, amma ba ya son a noma shi, daga daji ake saro shi, don haka yana da tsada.

Da hunturu ake yanke rassan kozo, a turara su a cikin wata ƙatuwar ganga har ɓawon ya saki, a saɓule shi tun da zafinsa. A kankare baƙin da wuƙa, a bar farin. A dafa farin da ruwan toka ko soda, a wanke. Daga nan sai matakin da ya fi tsaya min a rai, wanda suke kira chiritori. Na ga dattijai mata zaune a gaban ruwa mai gudana, sun sunkuya, suna ɗaga ɓawon sili-sili suna tsince ɗigon baƙi da tabon da ƙwaro ya bari. Ruwan nan daga tsaunin da ƙanƙara ta rufe yake gangarowa. Hannayensu sun yi jajawur, kowace da ɗan kwanon ruwan ɗumi a gefe tana tsoma yatsu jefi-jefi. Babu maganin da ake zubawa ya yi wannan aikin ba tare da ya raunana zaren ba, shi ya sa masu takardar kirki har yau da hannu suke yi. Bayan haka a ɗora a kan katako ko dutse a yi ta bugu da sanda har zaren ya warware. Ba a yanka shi, warware shi ake yi. Ɗanyen reshe kilo 100 ba ya ba da takardar da ta wuce kilo 5.

To ga inda sirrin yake. Ana zuba zaren a babban komin ruwa, sai a ƙara wani ruwa mai yauƙi, neri, wanda ake samu in an daddaka saiwar tororo-aoi an jiƙa. Tsiron nan ɗan uwan kuɓewa ne na jini, kuma yauƙin nasa daidai yake da na miyar ɗanyar kuɓewa in kin ɗaga ludayi. Ba gam ba ne, ba ya manna komai. Aikinsa shi ne ya hana dogayen zaruruwan dunƙulewa, ya kuma sa ruwa ya riƙa tsiyaya a hankali. Wannan jinkirin ne yake ba mai aiki damar kamfato ruwan a kan asabarin gora da ke ɗaure a firam, ya jijjiga gaba da baya, ya watsar da ragowar, ya sake kamfata, yana shimfiɗa zare bisa zare har kaurin ya kai yadda yake so. Salon nan shi ne nagashizuki. Ana jibge jiƙaƙƙun fallayen ɗaya a kan ɗaya ba tare da an sa komai a tsakani ba, a danne su su kwana, washegari a ɓamɓaro su ɗai-ɗai a shafe a kan allunan katako su bushe. Zafi yana kashe yauƙin neri, shi ya sa takardar hunturu ta fi ta bazara.

Yanzu ga tambayarki ta biyu. A ganina masu fasahar sun rabu gida biyu, kuma gida na biyu ne ya kawo sabon abu.

Gida na farko su ne masu zanen da suka je wurin mai takarda suka ce ga irin wadda muke so. Wannan ya faro ne da wani mutumin Echizen, Iwano Heizaburo na farko. Kafin shi manyan masu zane a kan siliki suka fi aiki. A 1925 ya yi wata takarda falle ɗaya mai mita 5.4 kowane gefe domin laburaren Jami'ar Waseda, wadda Yokoyama Taikan da Shimomura Kanzan suka yi zane a kanta a 1927. Shi ne kuma ya farfaɗo da haɗa zaren wiwi irin na saƙa da kozo, aka samu takarda mai kauri da ake kira kumohada mashi, mai iya ɗaukar launin garin dutse komai nauyinsa. Masana'antar tana nan har gobe. Na tsaya na kalli mata biyu riƙe da firam ɗaya, kowace a gefenta, suna jijjigawa tare babu mai ce wa 'yar uwarta uffan. In ɗaya ta riga ɗaya da ƙiftawar ido, gefe guda zai fi kauri, fallen ya lalace.

A kan irin wannan takardar Senju Hiroshi yake aiki, wanda aka haifa a 1958, wanda zanensa na ruwa mai zubowa daga kan dutse ya samu lambar yabo a baje kolin Venice na 1995. Kwararo farin launi yake yi daga saman takardar ya bar shi ya gangaro da kansa. Takardar banza ba za ta jure wannan jiƙon ba. Daga baya ya shiga cukuikuye takardar da hannu kafin ya zuba launi, sai launin ya taru a cikin lanƙwasar ya fitar da siffar tsagin dutse. Da salon biyun ya ƙawata ƙofofin ɗakin ibada na Kongobuji a tsaunin Koya, aikin da aka miƙa a 2020.

Gida na biyu su ne waɗanda ba sa jiran takarda ta bushe. Horiki Eriko da kika gani tana cikinsu. An haife ta a Kyoto a 1962, a banki ta fara aiki, ba ta gaji sana'ar ba. Fallenta na yau da kullum mita 2.7 ne da 2.1, mutum wajen goma ne ke kama firam ɗin. Yayin da ake shimfiɗa zaren, ita tana jera kaurarran silin kozo a tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa, tana yarfa ruwa ya huda ƙananan ramuka a wata shimfiɗar, sannan a rufe da wata. Babu buroshi ko fenti da zai biyo baya. In haske ya zo ta gaba ki ga siffa ɗaya, in ya zo ta baya sai abin da aka binne a ciki ya bayyana. Akwai aikinta a filin jirgin sama na Narita. Ibe Kyoko kuma, haifaffiyar 1941, tsofaffin rubuce-rubucen hannu da aka yi watsi da su take jiƙawa ta narkar su koma zare. Tawadarsu ba ta narkewa a ruwa, tana nan maƙale da zaren, don haka sabon fallen yakan fito da toka-toka da ɓurɓushin haruffan mutanen da suka daɗe da mutuwa. Ni aikinta ya fi taɓa ni a kan na kowa, ko da yake na san akwai masu ganin bai kamata a narkar da tsohon rubutu ba ko da babu mai karanta shi.

Hajiya Binta ta amsa:

Sannu da ƙoƙari Malam Sabo. 'Yata Rabi, bari in ɗauki tambaya ta uku, don ita ce ɓangarena. Aikina gyaran tsofaffin littattafan hannu ne, kuma kusan kullum sai na taɓa takardar Japan.

Bazuwar tawada ba ta nuna jabu ce. Washi da ba a shafa wa komai ba shan ruwa take yi, masu rubutu da buroshi a can ma son wannan bazuwar suke yi, da gangan suke nemanta. Mai son layi ya tsaya cak sai ya shafa mata dosa, wato gam ɗin fatar dabba da aka narkar a ruwan ɗumi aka sa ɗan alif, irin wanda muke tace ruwa da shi. A shafa da faffaɗan buroshi, siriri, a bar shi ya bushe, a sake. Kada ki cika alif, yawansa yana sa takarda ta yi tsami ta rube da wuri. Amma ko da dosa, kozo ba abokin alƙalamin kara ba ne, dogon zarensa zai riƙa kama bakin. Nemi takardar gampi, ko wadda ake kira torinoko, su ne masu santsi. A kan takardar Japan mai irin wannan santsin Rembrandt na ƙasar Holan ya riƙa buga zanensa tun wajajen 1647, lokacin da 'yan kasuwar ƙasarsu ke kawo ta daga Nagasaki.

In kina son gwada wadda kika saya, ja layi da ruwa a gefe ki yage a hankali. In bakin yagen ya fito da dogon gashi mai laushi, akwai kozo a ciki. In ya yanke ƙaf, niƙaƙƙen itace ya yi yawa. Ki kuma ɗaga ta a rana, ta hannu za ki ga siraran layukan asabarin.

Wannan gashin ne ma yake mana amfani. Yawancin littattafan malamanmu na da a kan takardar Italiya aka rubuta su, mai tambarin jinjirin wata uku, wadda fatake ke kawowa ta Tarabulus. In ganye ya tsage, nakan yago siririyar takardar kozo mai suna tengujo, wadda ake yi a lardin Kochi, kaurinta kusan milimita 0.03 ne, in shafa mata kunun sitacin alkama in ɗora a kan tsagin. Gashin gefen ya kwanta ya shige, rubutun yana fitowa ta cikinta a karanta lafiya lau. Wanda ya zo bayana in ya ga dama ya ɗan jiƙa ya cire ba tare da ya yi ɓarna ba. Tun bayan ambaliyar birnin Florence a 1966 masu gyaran littattafai a ko'ina suka rungumi wannan hanyar.

Auwalu D. ya amsa:

Malam Sabo da Hajiya, ku gafarce ni, ni ina da ja. Aikin ɗab'i nake yi, na san yadda ake sayar da suna. Fitilun takarda na mai sassaƙa Isamu Noguchi da ake ta yabo, ga kwaikwayonsu nan a shaguna ko'ina a duniya da kuɗi ƙalilan, in an kunna su daga nesa wa zai bambance? Sannan na karanta cewa yawancin abin da ake sayarwa da sunan washi inji ne ya yi shi, kozon ma daga Tailan ake shigo da shi. To ina gargajiyar? Anya ba labarin tsofaffi da ruwan sanyi ake sayar wa masu kuɗi ba, takardar kuwa ɗaya ce?

Malam Sabo Injiniya ya amsa:

Auwalu, rabin maganarka gaskiya ce. Inji yana yin washi da yawa, wata ma ba ta da aibu. Takarda mafi siranta da ake yi a Kochi yanzu inji ne ke yin ta, masu gyara kuma suna saye. Kozon Tailan ya fi araha, amma yana da wani maiƙo da kan bar tabo, shi ya sa masu takardar kirki suke neman na garin Daigo a lardin Ibaraki. Da hukumar UNESCO ta sa washi a jerin al'adun duniya a 2014, iri uku kacal ta ambata: Sekishu-banshi ta Shimane, Hon-minoshi ta Gifu, da Hosokawa-shi ta Saitama, duka na kozo zalla da aka yi da hannu. Sauran kowa da abin da yake zubawa a kominsa.

Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa takardar ɗaya ce. Tambayi masu buga zane da sassaƙaƙƙen katako. Kowane launi sai an ɗora takardar a kan katako an murza bayanta da ƙarfi, zane ɗaya na iya buƙatar murza masu yawan gaske, kuma dole ta ƙi miƙewa ta ƙi tsukewa, in ba haka ba launukan ba za su hau kan juna daidai ba. Shi ya sa suke layi a ƙofar gidan Iwano Ichibei na tara, wanda gwamnatin Japan ta ba matsayin taskar ƙasa mai rai a 2000, kamar yadda ta ba mahaifinsa a 1968. Mai buga zane ba labari yake saye ba, takardar da ba za ta ɓata masa aikin wata guda ba yake saye. Kai da kake harkar ɗab'i ka fi ni sanin zafin wannan.

Fitilun Noguchi kuma, ka duba yadda suka samo asali. A 1951 ya je birnin Gifu, ya tarar sana'ar fitilar takarda ta kyandir tana mutuwa. Ya zauna da kamfanin Ozeki, ya sa ƙwan lantarki a maimakon kyandir, ya sake siffar haƙarƙarin gorar. Har yau da hannu ake yin su a can. Kwaikwayon da kake gani shaida ce cewa dabarar ta karɓu, ba ta rage wa na asalin komai ba.

Abin da ya fi damuna ba inji ba ne. A 1901 gidajen da ke yin takarda da hannu a Japan sun haura 68,000, yau ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba. Da can ƙofofin gida, laima, littafin bashi, duk washi ne. Gilashi da leda da takardar inji sun cinye wannan kasuwar. Masu zane da masu tsara gine-gine da masu gyara irin su Hajiya su ne suka rage suna biyan kuɗin da ya dace. Wani mai tsara gine-gine, Kengo Kuma, ya taɓa rufe wani ɗakin taro a ƙauyen Takayanagi na lardin Niigata da washi a 2000, har tagogin, bayan an shafe ta da ruwan ɗanyen kaki, wanda dangin kanya ne, da kunun wata doya da suke kira konnyaku don ta jure ruwa. Masana'antar Awagami a Tokushima ta fito da washi mai shiga injin buga hoto, tana kuma gayyatar masu fasaha daga ƙasashen waje su zo su zauna su yi aiki a bakin komi. Amma duk wannan yana rataye ne a wuyan mutanen da ba a sa sunansu a jikin bangon baje koli. A 2019 labari ya fito cewa 'yan tsirarun manoman garin Omitama, waɗanda ke noma mafi yawan tororo-aoi na ƙasar, suna shirin dainawa saboda tsufa da wahalar aikin. Masu saƙa asabarin gora da zaren siliki su ma ana iya ƙirga su da yatsu. Ranar da babu saiwar nan, Horiki da Senju duk sai sun ji a jikinsu.

Rabi Mai Zayyana ta amsa:

Allah Ya saka da alheri, Malam Sabo da Hajiya. Na yi gwajin yagen, gashin gajere ne ƙwarai, ga alama haɗi ce. Zan nemi gampi don rubutu. Amma maganar yin ado tun takarda tana jiƙe ita ce ta hana ni barci. Tunda tororo-aoi ɗan uwan kuɓewa ne, zan iya gwadawa da kayan da muke da su a nan, ko ɓata lokaci ne?

Malam Sabo Injiniya ya amsa:

Gwada, ƙanwata. Ba washi za ki samu ba, kada ki kira ta haka, amma za ki samu takarda. Masu yin takarda da hannu a ƙasashen da babu tororo-aoi suna amfani da kuɓewa. Ki yayyanka ɗanya ki jiƙa a ruwan sanyi ta kwana, ki tace da kyalle. Zare kuwa, ɓawon rama da ake tufka igiya da shi ana yin takarda da shi. Zarensa bai kai na kozo tsawo ba, don haka ki fara da ƙaramin falle mai ɗan kauri. Ki kankare koren bayan, ki dafa da ruwan toka har ya zama kina iya raba shi da yatsa ba tare da kin ja da ƙarfi ba, ki wanke sosai, ki tsince dattin, ki buga da taɓarya a kan katako. Kada ki sa shi a injin markaɗe, yanka zaren zai yi.

Ki bari sai cikin Disamba ko Janairu, ki yi aikin da asuba, don yauƙin ba zai daɗe ba in rana ta ɗaga, kuma ki haɗa sabo kowace rana. Wajen asabari ki nemi mai tsinke siriri, ki shimfiɗa masa yadi mai shara-shara a kai. In kina son layin zayyana a ciki, yi shimfiɗar farko, ki jera zaren da aka rina a marina yadda kike so, sannan ki kamfato shimfiɗa ta biyu ki rufe shi. Ki wanke zaren tukuna har ruwansa ya fito fari, in ba haka ba shuɗin zai bi fallen gaba ɗaya.